Malamin Turanci a Ajin Likitoci da Injiniyoyi: Yadda Malamai ke Kallon Koyar da Turancin Keɓaɓɓun Fannoni

Turancin keɓaɓɓun fannoni reshe ne na koyar da harshen Ingilishi wanda ake tsara darussansa bisa abin da mai koyo zai yi da harshen a karatunsa ko a wurin aikinsa. Masana suna taƙaita sunansa da haruffan ESP, kuma sun kasa shi gida biyu. Akwai Turancin karatu, wanda ɗalibin jami'a ke buƙata domin sauraron lacca, karanta maƙala, rubuta rahoton ɗakin gwaji da kundin kammala digiri. Akwai kuma Turancin aiki, irin wanda ma'aikaciyar jinya ke miƙa bayanin majiyyaci da shi idan za ta tashi daga aiki, ko wanda matuƙin jirgin sama ke magana da hasumiya da shi, ko wanda lauya ke tsara yarjejeniya da shi.

A kowane gida daga cikin biyun, wanda aka fi ɗora wa nauyin koyarwa shi ne malamin da ya karanci harshe ko adabi, wanda bai taɓa zama a ajin likitanci ko na injiniya ba. Daga nan ne batun ra'ayin malamai ya samo muhimmancinsa. Manhaja komai kyanta a takarda take, malami ne ke shiga da ita aji. Idan ya yarda da ita kuma ya ji zai iya, sai ta yi aiki. Idan yana ɗari-ɗari da ita, sai ya koma kan nahawun da ya saba, sunan kwas ya ce abu ɗaya, abin da ake yi a aji ya zama wani daban.

Asalin fannin

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kimiyya da fasaha da kasuwanci sun bunƙasa, Ingilishi kuma ya zama harshen da ake hada-hadarsu da shi, musamman saboda ƙarfin tattalin arzikin Amurka. Sai aka samu sabon rukunin masu koyo waɗanda ba sha'awar adabin Ingila ce ta kawo su aji ba: makaniki mai son karanta littafin da ya zo da inji, likita mai son bin sabon bincike, ɗan kasuwa mai son rubuta wa abokan cinikinsa na ƙetare. Tashin farashin man fetur na 1973 ya ƙara wa lamarin sauri, domin kuɗi da ƙwararru sun kwarara zuwa ƙasashe masu arzikin mai, kamfanoni kuma suka shiga neman kwasa-kwasai gajeru masu manufa bayyananniya.

Da yawa daga ayyukan farko a ƙasashe masu tasowa aka yi su, inda malamai ke fuskantar ɗaliban kimiyya da littattafansu na Ingilishi ne amma harshensu na gida daban. J. R. Ewer da G. Latorre sun fitar da littafin koyar da Turancin kimiyya a 1969 daga aikinsu a Jami'ar Chile. John Swales ya fitar da nasa kan rubutun kimiyya a 1971 bayan ya koyar da ɗaliban injiniya a Libiya, sannan ya shugabanci sashen da ke koyar da Turanci ga ɗaliban sauran tsangayoyi a Jami'ar Khartum daga 1973 zuwa 1978. A 1978 John Munby ya fitar da tsari mai zurfi na binciken buƙatun mai koyo. A 1980 fannin ya samu mujallarsa ta bincike, a 1987 kuma Tom Hutchinson da Alan Waters na Jami'ar Lancaster suka wallafa littafin da har yau ake fara karanta fannin da shi. Turancin karatu ya samu tasa mujallar a 2002.

Abin da ya bambanta aikin

Malamin Turancin gama-gari yakan samu littafi a shirye, ya bi shi babi-babi. Malamin keɓaɓɓen fanni sau da yawa babu littafin da ya yi daidai da ɗalibansa. Dole ya fara da bincike: me waɗannan mutane za su karanta, me za su rubuta, da wa za su yi magana, ina suka tsaya yanzu. Tony Dudley-Evans da Maggie Jo St John, a littafinsu na 1998, sun lissafa ayyuka biyar da ke kansa. Shi ne mai koyarwa, shi ne mai tsara kwas da samar da kayan darasi, shi ne mai hulɗa da malaman fannin, shi ne mai bincike, shi ne kuma mai auna ɗalibai da kwas ɗin kansa. Horon da aka saba ba malaman Turanci kusan duk a kan aiki na farko yake ƙarewa.

Harshen da zai koyar ma ya sha bamban da wanda ya sani. Kalmar *culture* a ɗakin gwajin asibiti tana nufin ƙwayoyin halitta da aka raina domin a gano cuta, *consideration* kuma a dokar kwangila tana nufin abin da kowane ɓangare ya bayar a madadin alkawarin ɗan'uwansa. Amma kalmomi su ne ƙaramar matsalar. Babbar ita ce yadda kowane fanni ke gina magana: inda ake sa hujja, yadda ake ambaton magabata, yadda mai bincike ke sassauta iƙirari domin kada ya faɗi fiye da abin da gwajinsa ya nuna. Swales ya nuna a 1990 cewa gabatarwar maƙalar bincike tana bin matakai sanannu. Marubuci yakan fara da nuna muhimmancin fagen, ya nuna giɓin da aka bari, sannan ya faɗi yadda aikinsa zai cike giɓin. Wanda bai taɓa rubuta irin wannan maƙala ba, sai an nuna masa kafin ya iya nuna wa wani.

Abin da malamai suka yarda da shi

Binciken da aka yi kan ra'ayoyin malamai a ƙasashe daban-daban yana yawan komawa kan abu guda: malamai sun yarda cewa irin wannan koyarwa tana da amfani, amma ba su jin an shirya su domin ta. Ɓangaren yardar yana da dalilai da ake gani a aji. Ɗalibin da ya shekara shida ko fiye yana maimaita darasin lokutan aikatau yakan gaji, amma idan aka kawo masa takardar sallamar majiyyaci ko rahoton gwajin ƙarfin kankare ya ga irin abin da zai rubuta gobe, sai hankalinsa ya dawo. Manufar darasi a fili take, sakamakonsa ma ana iya aunawa. Ɗaliban galibi manya ne da suka san abin da ya kawo su.

Malaman da suka daɗe a aikin sukan ambaci wata riba ta kansu. Koyar da nahawu ɗaya shekara da shekaru yana sa aiki ya zama maimaici, alhali shiga harshen lauyoyi ko na masana aikin gona yana tilasta wa malami ci gaba da karatu. A wasu wurare kuma, kamar kamfanonin mai da na jiragen sama, ƙwarewa a Turancin aiki tana kawo albashi mafi tsoka.

Fargabar ilimin fanni

Babban abin da ke hana malamai sakin jiki shi ne tsoron abin da ba su sani ba. Ewer, a wata maƙala da aka buga a 1983, ya kasa matsalolin malamin Turancin kimiyya gida biyar: ta ra'ayi, ta fahimtar ilimin, ta harshe, ta dabarun koyarwa, da ta tsarin makaranta. Ta ra'ayi ya sa a gaba, domin ya lura cewa malaman da suka fito daga ɓangaren adabi sukan zo da ƙyamar kimiyya ko tsoronta tun daga sakandare, inda aka raba ɗalibai aji biyu kowa ya ɗauka ɗaya ɓangaren ba nasa ba ne.

Tsoron yana da tushe a yadda ake kallon malami. A al'ummomi da yawa malami shi ne wanda ya sani, ɗalibi kuma mai karɓa. A ajin keɓaɓɓen fanni wannan tsari yakan juye, domin ɗalibin shekarar ƙarshe a ilimin harhaɗa magunguna ya fi malamin Turancinsa sanin abin da rubutun ke magana a kai. Wani bincike da H. Wu da Richard Badger suka wallafa a 2009 ya bi diddigin malaman Turancin aikin jiragen ruwa a wata kwaleji a ƙasar Sin, domin ganin abin da suke yi idan tambayar da ta shafi fannin ta taso ba zato. Hanya biyu aka ga suna bi: ko su kauce wa tambayar, ko su yi kasada su ba da amsar da ba su tabbatar ba. Abin da ke ƙarƙashin duka biyun shi ne gudun zubewar girma a gaban ɗalibai. Hanya ta uku, wato malami ya mayar da tambayar ga ajin ya nemi wanda ya sani ya yi bayani da Turanci, ita ce ta fi amfani ga koyon harshe, amma ita ce ta fi wuya ga wanda aka tarbiyyantar a kan cewa malami ba ya cewa bai sani ba.

Hutchinson da Waters sun yi ƙoƙarin rage wannan nauyi. A ganinsu abu uku malami ke buƙata: ya kasance yana kallon fannin da kyakkyawar zuciya, ya san ginshiƙansa na farko, ya kuma gane cewa abin da ya riga ya sani ya fi yadda yake zato. Suna son ya zama ɗalibi mai sha'awar fannin, wanda ya iya yin tambaya mai ma'ana, domin matambayi ba ya ɓata. Masana na baya sun ƙara fayyace batun: ilimin da ya wajaba a kan malamin harshe shi ne sanin yadda mutanen fannin ke tunani da rubutu da magana, wato abin da suke ɗauka hujja, da nau'o'in rubutun da suke amfani da su, da abin da suke ƙi. Ba a neman ya iya yin tiyata, ana neman ya san yadda ake rubuta bayanin tiyata da dalilin da ya sa ake rubuta shi haka.

Wa ya dace ya koyar?

Malamai ba su haɗu a kan iyakar aikinsu ba, kuma saɓanin tsoho ne. A 1988 Ruth Spack ta wallafa maƙala a Amurka tana cewa malaman Turanci su tsaya kan ƙa'idojin rubutu da nazari na gama-gari, su bar wa malaman kowane fanni koyar da rubutun fanninsu, domin malamin harshe ba shi da ƙwarewar da zai yi hukunci a kan rahoton kimiyya. A 2002 Ken Hyland ya mayar da martani da cewa babu wani Turancin karatu guda ɗaya da ya dace da kowa. Bincikensa kan maƙaloli daga fannoni daban-daban ya nuna masana falsafa da ilimin zamantakewa sun fi injiniyoyi da masana kimiyyar lissafi yawan ambaton magabata da sassauta iƙirari. Ya kuma yi nuni da cewa malaman fannoni ba su da lokaci ko horon koyar da harshe, sau da yawa ma ba su iya bayyana ƙa'idojin da suke bi domin sun zame musu jiki.

Waɗannan ra'ayoyi biyu suna nan a zukatan malamai har yau. Mai ra'ayin farko yakan ce a gyara tushe tukuna, ɗalibin da bai iya haɗa jimla ba me zai yi da rahoton ɗakin gwaji. Mai ra'ayi na biyu yakan ce da rahoton ɗakin gwajin ne za a koya masa haɗa jimla, domin shi ne abin da zai sa ya mai da hankali.

A Iran, inda Farisanci ne harshen koyarwa a jami'o'i amma ɗalibai ke ɗaukar kwas na karanta Turancin fanninsu, an daɗe ana jayayya tsakanin sassan Turanci da sassan fannoni kan wanda ya cancanci kwas ɗin. Binciken Mahmood Reza Atai da abokan aikinsa ya nuna malaman fannoni sun fi karkata ga fassara rubutu da bayanin kalmomin fanni, malaman harshe kuma sun fi kula da dabarun karatu. A ƙasar Sin, Cai Jigang na Jami'ar Fudan ya jagoranci kiran a mayar da kwas ɗin Turanci na jami'o'i ya zama Turancin karatu, kiran da ya gamu da turjiya daga malaman da ke ganin za a raba su da abin da suka ƙware a kai a tura su inda ba a horar da su ba.

Matsayi a cikin jami'a

Ra'ayin malami game da aiki ba ya rabuwa da darajar da ake ba aikin. A jami'o'i da yawa ana kallon sashen da ke koyar da Turanci ga sauran tsangayoyi a matsayin ɗan rakiya. Ana ba kwas ɗinsa sa'o'in da suka rage a jadawali, ba a kiran malamansa taron tsara manhaja, ɗalibai kuma suna lura da haka su ɗauke shi abin da za a ci a wuce. A Birtaniya, inda ɗaliban ƙetare ke yin kwas na share fage kafin fara digiri, ana ɗaukar malamai da yawa a kan kwantiragin 'yan makonni lokacin bazara. Alex Ding da Ian Bruce sun yi littafi guda a 2017 kan wannan hali na zaman malamin Turancin karatu a gefen jami'a, yana kawo mata kuɗi amma ba a lissafa shi cikin masana.

A cikin sashen Turanci kansa akwai irin wannan bambanci. Ƙarin girma yana zuwa ne ta hanyar wallafa bincike, kuma sassa da yawa sun fi girmama bincike a adabi ko ilimin harsuna. Malamin da ya ɓata wata uku yana tattara rahotannin injiniyoyi domin ya tsara darasi ba shi da abin da zai nuna wa kwamitin ƙarin girma. Ba abin mamaki ba ne a ga manyan malamai suna barin irin wannan kwas ga ƙanana, ƙananan kuma suna jiran ranar da za su bar shi.

Halin da ake ciki a Najeriya

A Najeriya Ingilishi ne harshen koyarwa a manyan makarantu, ana buƙatar kiredit a cikinsa kafin shiga jami'a, kuma wajibi ne a jarrabawar JAMB. Wannan ya sa mutane da yawa, har da wasu malamai, suke ɗauka ɗalibin jami'a ya gama da batun harshe. Gaskiyar ita ce Turancin cin jarrabawar sakandare daban, na rubuta kundin digiri daban, kuma ɗalibin da ya taso da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri a gida da kasuwa, wanda bai fi jin Turanci ba sai a aji, shi ya fi jin zafin wannan tazara.

Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ce ta fara tsarin darussan gama-gari a farkon shekarun 1960, daga baya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta shi a ko'ina. Kwalejojin kimiyya da fasaha, ƙarƙashin hukumarsu da ke Kaduna, da kwalejojin ilimi, su ma suna da nasu kwasa-kwasan Turanci na dole. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 1990 an gudanar da wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin hukumar jami'o'i da Birtaniya domin gyara koyar da dabarun sadarwa, musamman a jami'o'in fasaha na tarayya, inda aka horar da malamai kan binciken buƙatu da rubuta kayan darasi. A sabuwar manhajar da hukumar ta ƙaddamar a Disamba 2022, kwas ɗin Turanci na dole shi ne GST 111, mai nauyin raka'a 2, a shekarar farko.

Yanayin da ake koyar da shi shi ne ke ƙera ra'ayin malamai. Ana tara ɗaruruwan ɗalibai daga sassa daban-daban a babban ɗakin lacca, mai karatun shari'a kusa da mai karatun aikin gona. Babu yadda malami ɗaya zai duba rubutun kowa ya mayar masa da gyara, shi ya sa jami'o'i da yawa suka koma jarrabawar kwamfuta ta zaɓen amsa, wadda ba ta auna iya rubutu. Kwas ɗin kuma yana zuwa ne a shekarar farko, kafin ɗalibi ya fara ganin harshen fanninsa, ya ƙare tun kafin lokacin rubuta rahoton koyon aiki a masana'antu da kundin kammalawa. Malamin da ya san amfanin Turancin keɓaɓɓen fanni ma, idan aka ba shi aji irin wannan, abin da zai iya kaɗan ne. Idan ya ce abin ba zai yiwu ba, halin da yake ciki yake bayyanawa.

Nijar da Sudan

A Nijar malamin Turanci yana aiki ne a tsarin da Faransanci ke riƙe da koyarwa. Ɗalibin likitanci ko na kimiyya a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko a jami'o'in Maraɗi da Damagaram, da Faransanci yake karatu, amma mafi yawan sabon bincike a fanninsa da Ingilishi ake wallafa shi. Buƙatarsa ta farko ita ce karatu da fahimta, sa'o'in da ake ware wa harshen kuma kaɗan ne. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, abin da zai ƙara buƙatar malaman da suka iya koyar da Turancin ofis da na sana'a. A Yamai ne kuma makarantar EAMAC take, wadda ke horar da masu kula da zirga-zirgar jiragen sama da masana yanayi ga ƙasashen ASECNA, ƙungiyar kula da zirga-zirgar jiragen sama a Afirka, inda Turancin aiki sharaɗi ne na samun lasisi.

A Sudan an mayar da koyarwar jami'o'i zuwa Larabci daga 1990. Ingilishi ya koma darasin da ake ɗauka a gefe, alhali littattafan kimiyya da likitanci da yawa suna nan da Ingilishi, sai nauyin haɗa ɗalibi da littafinsa ya faɗa kan malaman harshe.

Inda kuskure ke cin rai

Fannin da ya fi nuna abin da ke faruwa idan aka ɗauki aikin da gaske shi ne sufurin jiragen sama. Ranar 27 ga Maris, 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife na Sifaniya, mutum 583 suka mutu, kuma rashin fahimtar magana tsakanin matuƙa da hasumiya yana cikin dalilan. A Nuwamba 1996 jirgin Saudiyya da na Kazakistan suka yi karo a sama kusa da Delhi a Indiya, mutum 349 suka rasu. Bayan haka Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta kafa ma'aunin ƙwarewar harshe mai matakai 6, ta wajabta mataki na 4 ga matuƙa da masu kula da zirga-zirgar jiragen sama na ƙasa da ƙasa daga 5 ga Maris, 2008, tare da ba ƙasashen da ba su shirya ba wa'adi zuwa 2011. Ana auna lafazi, ginin jimla, kalmomi, iya magana ba tare da sarƙewa ba, fahimta da iya musayar zance. Wannan ƙa'ida ta shafi waɗanda ake horarwa a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Hukumar kula da sufurin teku ta duniya ma ta amince da jerin jimlolin sadarwar jiragen ruwa a 2001. A ɓangaren lafiya akwai jarrabawar OET, wadda ta samo asali a Ostireliya, take auna Turancin sana'o'in lafiya 12, kuma likitoci da ma'aikatan jinya masu neman aiki a Birtaniya suna rubuta ta.

A waɗannan wurare an fayyace abin da ake so, an ware lokaci da kuɗi, an kuma saba haɗa masanin harshe da masanin aiki. ICAO ta ba da shawarar mutum biyu su auna mai jarrabawa, ɗaya daga ɓangaren harshe, ɗaya daga ɓangaren aikin jirage. Malamin da ke aiki a irin wannan tsari ya san iyakar abin da ke kansa, ya san wanda zai tambaya, ya kuma san ana ganin amfaninsa.

Abin da ke sauya ra'ayi

Abu na farko shi ne horo. Digirin Turanci da takardar shaidar koyarwa ba kasafai suke taɓa binciken buƙatu ko nazarin nau'o'in rubutu ba, sai dai kwas ɗaya a matakin digiri na biyu. Ƙungiyar malaman Turancin karatu ta Birtaniya, BALEAP, ta fitar da jerin ƙwarewar da ake buƙata ga malamin fannin a 2008, abin da ya ba shi matsayin sana'a mai ƙa'idojinta. Malamin da aka koya wa yadda zai ɗauki rahotanni goma daga wani sashe ya gano tsarin da suka yi tarayya a kai ya samu dabarar da zai shiga kowane fanni da ita.

Na biyu shi ne haɗin kai da malaman fannoni. Dudley-Evans da St John sun kasa shi mataki uku: neman bayani da kayan karatu daga sashen, tsara darasi tare, da shiga aji tare. Tim Johns da Dudley-Evans sun bayyana gwajin mataki na uku a 1980 a Jami'ar Birmingham, tare da ɗaliban ƙetare masu karatun sufuri da ilimin tsirrai. Ana ɗaukar laccar malamin fanni a faifai, malamin harshe ya saurara ya shirya tambayoyi, sannan su biyun su zauna da ɗalibai a gano inda fahimta ta kuɓuce. Tsarin yana cin lokaci, kuma yana rushewa idan ɓangare ɗaya ya raina ɗayan. Amma mataki na farko ba ya buƙatar komai sai shugaban sashe ya buɗe ƙofa, ya ba da tsofaffin kundaye da takardun jarrabawa.

Na uku shi ne kayan aiki. A 2000 Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington ta fitar da jerin iyalan kalmomi 570 da suke yawan fitowa a rubutun ilimi, waɗanda ke ɗaukar kusan kashi 10 cikin 100 na irin wannan rubutu. Yau da kwamfuta da intanet malami zai iya tara maƙalolin fanni ɗaya ya ga yadda ake amfani da kowace kalma, ba sai ya dogara da zato ba.

Na huɗu yana hannun hukumomin makarantu: raba ɗalibai bisa tsangaya, rage yawan aji, sanya kwas na rubutu a shekarar da ɗalibi ke shirin kundinsa, da lissafa tsara kayan darasi cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Manhajar jami'o'in Najeriya ta 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ta ga ya dace, kuma a cikin wannan kaso tsangayar likitanci ko ta injiniya ko ta shari'a za ta iya kafa kwas na harshen fanninta, malamin Turanci da malamin fanni su riƙe shi tare.